Gyaran Waƙar Ɗan'uwa: Tambayoyin da Masu Koyon Rubuta Waƙa a Zariya Suka Fi Yi

Mun daɗe muna haɗuwa da yamma, mu 'yan koyon rubutacciyar waƙa, wani lokaci a zauren wani dattijo a cikin Birni, wani lokaci a gindin bishiya a Samaru idan ɗalibai suka fi yawa. Kowa ya zo da 'yan baitocinsa a takarda ko a waya, a rera, a tattauna. Waɗannan tambayoyi ba a rasa mai yin su duk sanda sabon mutum ya shigo cikinmu, ko aka samu saɓani kan gyaran da wani ya yi wa wani. Amsoshin daga abin da na gani ne da abin da manya suka nuna mana.

Wani ya miƙo mini waƙarsa ya ce in duba masa. Daga ina zan fara?

Ajiye biro tukuna. Ka ce ya rera maka ita da bakinsa, daga mabuɗi har marufi, kada ka katse shi. Waƙar Hausa ko da rubutacciya ce don kunne aka yi ta, kuma akwai abin da takarda ke ɓoyewa: inda mai waƙa ke jan wasali, inda yake haɗiye gaɓa, inda muryarsa ke rawa don baitin ya taɓa shi. Mu a Zazzau ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Malam Aliyu Namangi makaho ne, amma shi ya tsara Imfiraji, ta kunne kuma ta shiga gidaje da kasuwannin ƙasar Hausa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa.

Idan ya gama rerawa, ka karɓi takardar ka karanta sau biyu a ranka. Sannan ka tambaye shi: "Me kake so in duba maka?" Wani kari ne ke damunsa. Wani so yake ya ji ko an gane saƙonsa. Wani kuwa gobe-gobe zai karanta ta a walimar saukar ƙanwarsa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Irin wannan ka gyara masa kalma ɗaya ko biyu da za su sa ya yi tuntuɓe, babban aiki a bar shi sai bayan walima.

Ni ma ɗan koyo ne. Ina da bakin yi wa wani gyara?

Kana da shi, muddin ka tsaya a kan abin da kunnenka ya ji. Ba sai ka san sunayen karuruwan aruli, wato ilimin auna karin waƙa, ba kafin ka ce, "A baiti na huɗu na ɓace, ban gane wa ake yi wa magana ba," ko "Wannan ɗangon ya tsaya mini a rai tun da ka rera shi." Mai waƙa ya san abin da yake nufi, shi ya sa ba ya iya jin waƙarsa yadda baƙo zai ji ta. Wannan kunnen baƙo shi ne abin da ya zo nema wurinka. Abin da za ka kiyaye kawai shi ne yanke hukunci a kan abin da ba ka sani ba. Idan kana jin ɗango, wato layi ɗaya na baiti, ya yi nauyi amma ba ka iya nuna dalili, ka faɗa haka, ku je wurin wanda ya fi ku.

Mene ne laifin cewa "Masha Allah, ta yi daɗi, Allah ya ƙara basira"?

Babu laifi, addu'a ce, kowa na son ta. Matsalar ita ce idan daga ita ba a ƙara komai ba. Mai waƙa ya kwana uku yana juya baiti ashirin, sai ya ji kalmomin da aka faɗa wa wanda ya karanta kafin shi da wanda zai karanta bayansa. Zai tashi bai san wane baiti ne ya rayu ba, bai san wanne ya mutu ba.

Wata ɗaliba daga unguwar Kongo ta nan Zariya ta taɓa karanta mana waƙar da ta yi wa kakarta. Yawancin baitocin irin waɗanda aka saba ji ne, mai haƙuri, mai kirki, mai zumunci. Amma a tsakiya akwai ɗango biyu inda ta ce tabarmar sallar tsohuwar ta ƙoƙe daidai inda goshi ke sauka. Wani dattijo a cikinmu ya ɗaga hannu ya ce, "'Yata, maimaita mana wannan." Ta maimaita. Ya ce, "Nan ne na ga kakarki. Sauran kakar kowa ce, wannan taki ce." A zama na gaba ta dawo da waƙar ta zubar da baiti shida, ta kawo faifan da tsohuwar ke rufe fura da shi da yadda take kiran jikoki da sunayen da ita ta raɗa musu. Yabo ne ya yi mata, amma yabon da ya ɗora yatsa a wuri guda, kuma shi ya nuna mata hanyar gyara.

Kurakurai sun yi yawa a waƙar. Wanne zan fara faɗa, wanne zan bari?

Fara da jigo. Idan ba a san abin da waƙa ke faɗa ba, ko ta fara da damina ta koma siyasa ta ƙare da soyayya ba tare da zaren da ya ɗinke su ba, gyaran ƙafiya, wato amsa-amo, ɓata lokaci ne, domin rabin baitocin za su fita. Bayan jigo sai kari, bayan kari sai amsa-amo, sannan zaɓen kalmomi da adon harshe. Ƙa'idojin rubutu su ne na ƙarshe.

Kuma ba duka za ka faɗa a rana ɗaya ba. Abu biyu sun isa, uku idan mai waƙar ya saba da kai. Wanda aka mayar wa takardarsa jajir da jan biro ba ya ganin gyara, kunya kawai yake gani. Sauran kurakuran ba gudu za su yi ba, suna nan har ya dawo.

Yaya zan gane kari ya karye, kuma yaya zan nuna wa mai waƙa ba tare da na ruɗa shi ba?

Karin rubutacciyar waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa yake tafiya. Gaɓa mai sauƙi ita ce baƙi da gajeren wasali, kamar "ru" a cikin "ruwa". Mai nauyi ita ce mai dogon wasali, ko tagwan wasali, ko wadda ta rufe da baƙi, kamar "sau" ko "kan". Malamai sun auna waƙoƙinmu da ma'aunin arulin Larabci, wanda Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara karuruwa 15 a cikinsa, daga baya aka ƙara Mutadarik suka zama 16. Inda 'yan koyo ke faɗuwa shi ne rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, sai mutum ya ƙirga gaɓoɓi da yatsa ya ga sun yi daidai, ya ɗauka ya gama.

Ga misali da na tsara don wannan bayani. "Ruwan damina ya zubo kan garinmu." Buga shi a gwiwa: ru-wan-da, mi-na-ya, zu-bo-kan, ga-rin-mu. Kowace ƙafa, wato kowane rukunin gaɓa uku a nan, mai sauƙi ɗaya ce a gaba, masu nauyi biyu na biye, gaɓar ƙarshen ɗango kuma ana jan ta. Wannan shi ne Mutaƙarib. Yanzu sauya kalma ɗaya: "Ruwan damina ya sauko kan garinmu." Gaɓoɓi 12 ne a duka biyun, ma'ana kusan ɗaya, amma "sau" mai nauyi ta zauna a gurbin mai sauƙi, sai ɗangon ya yi ɗingishi a ƙafa ta uku. Haka za ka nuna masa. Ku rera ɗangon da ya zauna daidai tare kuna tafi, sannan ku rera mai ɗingishin da murya ɗaya, shi da kansa zai ji inda harshensa ya sarƙe. Sunan karin ka bari sai ya ji bambancin.

Hattara da abu biyu. Aruli kansa ya yarda da wasu sauye-sauye a ƙafafu, waɗanda ake kira zihafi da illa, don haka ba kowane bambanci ne karaya ba. Sannan akwai marubuta da yawa da suka ɗauko karinsu daga waƙoƙin baka, na makaɗa ko na 'yan mata a dandali. Idan waƙa ta bi karin da ta ɗaukar wa kanta daga farko har ƙarshe, ta tsaya da ƙafarta ko da ba ka samo mata suna a littafi ba. Wannan ma wani dalili ne na sa mai waƙa ya fara rerawa, kamar yadda aka faɗa a amsar farko.

Amsa-amonsa daidai yake, amma ina jin wani abu bai zauna ba. Mene ne?

Galibi ciko ne. Mutum ya zaɓi "ya" a matsayin babban amsa-amo, wanda ke rufe kowane baiti, sai ya bi kalmomin da suka fi kusa da hannu: duniya, gaskiya, lafiya, zuciya. Idan suka ƙare sai "kun jiya" ta fara fitowa duk bayan baiti uku. Kunne na jin ƙafiya ta faɗa daidai, amma ma'ana ta tsaya cik tana jiran a wuce.

Gwajin da muke yi mai sauƙi ne. Rufe kalmar ƙarshe da yatsa, ka tambaye shi, "In ba don ƙafiya ba, da za ka faɗi wannan kalma a nan?" Idan ya yi shiru, ya gane. Shawarar da ta fi amfani ita ce ya riƙa fara neman kalmar ƙarshe mai nauyin ma'ana, sannan ya gina ɗangon ya nufo ta. Wani lokaci kuma zubin ne ya yi masa yawa. Ya ɗauki ƙwar biyar, wato baiti mai ɗango biyar, ga ƙaramin amsa-amo sau huɗu a kowane baiti ga babba, alhali abin da zai faɗa na ƙwar biyu ne. Ka ce ya gwada ta a ƙwar biyu ya ga ko cikon zai zube da kansa.

Na ga yadda baitin zai fi kyau. In sake rubuta masa?

A'a. Na taɓa yin wannan kuskure kuma har yau yana damuna. Wani yaro daga Tudun Wada ya kawo mini waƙa a kan mahaifinsa mai ɗinkin hula. Na ga baiti uku sun karye, na zauna da dare na sake su, suka zauna daram. Da ya karanta a zama aka yaba, kuma baitocin da aka fi yabo su ne nawa. Na ga fuskarsa lokacin. Ya yi godiya, bai ƙara kawo mini waƙa ba.

Ka nuna wurin, ka faɗi abin da ke damunka da shi, ka bar biro a hannunsa. Idan ya maƙale ya roƙa, ba shi kalma biyu ko uku ya zaɓa, ko ka tsara misali a kan wani jigo daban kamar na damina da ke sama. In kuwa waƙar ta burge ka har kana jin hannunka na ƙaiƙayi, magabata sun bar mana hanya mai mutunci, wato tahamisi: ka ɗora ɗango uku naka a kan kowane ɗango biyu nasa, kowa ya san nasa. Haka Isa ɗan Shehu ya yi wa Tabban Haƙiƙa, wadda Shehu Usmanu ya yi da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar Hausa. Amma da izinin mai waƙa.

A gaban jama'a zan yi gyara ko a keɓe?

Abin da kowa zai ƙaru da shi, kamar karayar kari ko cikon ƙafiya, ana iya faɗarsa a zama idan an riga an yi yarjejeniya cewa zaman na gyara ne. Abin da zai taɓa mutunci, kamar zargin ɗaukar baitin wani, ko kuskure a aya ko hadisi, ko waƙar da ta tona sirrin gida, wannan sai a keɓe. Sabon zuwa kuma, ranar farko a bar shi da yabon abin da ya yi daidai. A dandalin WhatsApp ma haka, gyara mai nauyi ka bi shi ta akwatinsa, kuma saƙon murya ya fi rubutu, domin rubutu ba ya ɗaukar taushin murya.

Mai waƙar ya girme ni, ko ma malamina ne. Yaya zan yi?

Mayar da gyaran tambaya. "Allah ya gafarta Malam, a wannan ɗangon ni harshena yana sarƙewa, ko akwai yadda ake jan sa da ban gane ba?" Ko kuma, "Baba, ina neman ƙarin haske a kan wannan kalma." Idan kuskure ne zai gani da kansa ya gyara ba tare da an ce yaro ya gyara masa ba. Idan kuma ba kuskure ba ne, ka ƙaru, domin sau da yawa abin da muke ɗauka karaya a waƙar dattijo tsohuwar kalma ce ko lafazin da ba mu taso da shi ba. Wannan ladabi ne, kuma gaskiyar ta isa inda aka aike ta.

'Yan'uwa mata da ke rubutu sukan yi shiru a zama. Me ya kamata a yi?

A ba su fili da gangan, a kira su da sunan girmamawa, Malama ko Hajiya ko Yaya, a kuma yi wa waƙarsu irin nazarin da ake yi wa ta kowa. Abu biyu ke korar su. Na farko a riƙa ɗaukar duk abin da mace ta rubuta labarin kanta ne, ta yi waƙar rabuwa a fara tambayar lafiyar gidanta. Na biyu a riƙa lallaɓa ta da yabo marar gyara kamar ba za ta iya ɗauka ba, wanda shi ma raini ne. Magana ta tsaya a kan baiti. Lokacin zama ma a duba shi, domin wadda za ta koma Wusasa ko Hanwa ba za ta iya zaman da zai kai bayan magariba ba. Wadda ba ta son karantawa da kanta ta ba wata ta rera mata, ko ta turo a murya.

Ya rubuta da Zazzaganci, yana cewa "motan Malam" da "yarinya ne". In gyara?

Tambaye shi tukuna ko da gangan ne. An san Zazzaganci da rashin matsa wa bambancin jinsi yadda Daidaitacciyar Hausa ke yi, kuma wannan harshen gidanmu ne, ba abin kunya ba ne. Idan waƙar tana ɗauke da muryar wata tsohuwa a Ƙofar Gayan ko mai sayar da rake a Ɗanmagaji, karin harshen shi ne gishirinta, a bar shi. Abin gyara shi ne gauraye marar dalili, baiti ɗaya "motar", na gaba "motan", ba don kari ba, ba don murya ba. Idan kuma gasa zai kai ta ko makaranta, ka sanar da shi cewa masu dubawa da Daidaitacciyar Hausa za su auna, ya zaɓa da idonsa buɗe.

Ƙa'idojin rubutu daban ne, su babu ra'ayi a cikinsu. "Shi ne" kalma biyu ce, "yana" kalma ɗaya ce, "a kan" da "akan" ba abu ɗaya suke nufi ba. Haruffa masu lanƙwasa kuwa sukan juya ma'ana gaba ɗaya, "baki" da "baƙi", "kafa" da "ƙafa". Waɗannan ka yi musu alama da fensir a gefe ba tare da dogon jawabi ba, kuma a ƙarshe, kamar yadda aka tsara a amsar da ta yi maganar abin da za a fara faɗa.

Waƙarsa ba kari ba ƙafiya, ya ce salon zamani ne. Waƙa ce?

A kan wannan mun sha musu, kuma ba na jin za mu gama. Akwai masu ganin duk abin da ba shi da ma'auni zube ne da aka yayyanka. Akwai matasa, musamman waɗanda suka karanta waƙoƙin Turanci a jami'a, da ke ganin an buɗe sabuwar ƙofa. Ni abin da nake yi shi ne in tambayi marubucin ko ya iya tsara baiti biyar masu kari da ƙafiya. Wanda ya iya ya ajiye don wani dalili, zan saurare shi in auna rubutunsa da abin da ya sa gaba: hoton da ya zana, inda ya yanke layi, ko akwai kalmar da za a cire ba a yi asara ba. Wanda bai iya ba, ina roƙonsa ya koya, ko da ba zai dawwama a kai ba, domin kunnen da kari ya horar yana jin nauyin kalma ko a ina. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kore shi daga zama da cewa "wannan ba waƙa ba ce". Mun yi asarar masu basira ta wannan hanya.

Waƙar ta'aziyya ce ko ta bege, kuma tana da rauni. In yi magana?

Wanda ya yi wa mahaifiyarsa marsiyya sati biyu da rasuwarta ba gyara ya zo nema ba. Ka yi mata addu'a, ka faɗi ɗangon da ya taɓa ka, ka yi shiru. Idan bayan wata shida ya dawo da ita ya ce yana so ya buga, to lokacin nazari ya yi.

Waƙar bege da ta wa'azi kuwa ana gyara karinsu da ƙafiyarsu kamar kowace waƙa, kuma masu yin su sukan fi kowa son a gyara, don girman wanda ake yabo. Amma idan abin da ka gani ya shafi ma'anar aya, ko ingancin wani labari, ko lafazin da kake jin ya wuce iyaka, kada ka mayar da zaman waƙa wurin fatawa. Ka ja shi gefe ka ce ya kai wa malaminsa ya duba. Garin nan ba ya rasa malamai, daga zaurukan Unguwar Juma da Ƙona har jami'a.

Na gane baitin wani mawaƙi a cikin waƙarsa. Sata ce?

Ba kullum ba. Wanda ya haddace waƙoƙin magabata tun yana firamare, ɗango kan faɗo masa ya ɗauka nasa ne. Akwai kuma aron kari ko buɗe waƙa da irin yabon Ubangiji da salatin da kowa ke yi, wannan gado ne na kowa. Ka same shi shi kaɗai ka ce, "Wannan ɗangon ya yi mini kama da na wane, duba ka gani." Mai gaskiya zai gode maka ya cire ko ya ambaci mai shi a cikin waƙar. Wanda ya kwashi baitoci ɗungurungum ya sa sunansa, aka yi masa magana a keɓe ya ƙi, shi ne za a kai maganarsa ga shugaban zama.

Ni aka yi wa gyara kuma ban yarda ba. Dole in karɓa?

Ba dole. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma sunanka ne a kan waƙar. Amma kada ka yi gardama nan take. Rubuta abin da aka faɗa, ka yi godiya, ka bar waƙar ta kwana uku. Idan mutum ɗaya ne ya yi tuntuɓe a wuri, wataƙila kunnensa ne. Idan uku suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya, akwai dutse a wurin, ko da maganin da suka ba ka ba shi ne daidai ba. Kuma idan ka ji kana ta bayanin abin da kake nufi da baiti, ka tuna ranar da waƙar za ta je Kano ko Sakkwato ba za ka bi ta kana bayani ba.

Na yi gyara da kyakkyawar niyya, ya yi fushi ya daina zuwa. Yaya zan yi?

Je ka same shi, kada ka jira ya dawo. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Kada ka janye gaskiyar da ka faɗa, amma ka nemi afuwa a kan yadda ka faɗe ta ko wurin da ka faɗe ta, in a nan ne ka yi kuskure. Sannan ka ambaci wani baiti nasa da ka riƙe a ka. Babu abin da ke sanyaya zuciyar marubuci kamar ya ji wani ya haddace ɗangonsa. Wata dabara da na ga ta yi aiki ita ce ka miƙa masa taka waƙar ka ce ya duba maka, kuma ka karɓi gyaransa da gaske. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma sai mutum ya ga kai ma kana sauke naka ana dubawa.

Ban da yabo da gyara, da me zan ƙarfafa wa ɗan koyo gwiwa?

Da karatu, da fili, da tambaya. Ara masa littafi, ko ka raka shi ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru idan yana da hanyar shiga, ko ka haɗa shi da wani ɗalibin Hausa a jami'a ko kwalejin ilimi da zai nuna masa yadda ake feɗe waƙa. Ka tuna masa garin da yake zaune. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi da kansa marubucin waƙa ne. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, jaridar da ta riƙa ɗaukar waƙoƙin mutane tana kai su gari-gari. A nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, aka kafa kamfanin ɗab'i na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) a 1966, wanda ta hannunsa diwanan waƙoƙin Hausa da dama suka shiga makarantu. Yaron da ya san wannan yakan ɗauki 'yan baitocinsa da wata daraja.

Sai fili. Idan za a yi taron Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta, ko ranar waƙa ta duniya, 21 ga Maris, ko bikin yaye ɗalibai a Islamiyyar unguwa, ka sa sunansa cikin masu karatu, ka zauna a gaba inda zai gan ka. Kafin ranar ku yi gwaji sau biyu, ka nuna masa inda zai ja numfashi.

Tambayar kuwa ita ce mafi sauƙi, ita ce kuma aka fi mantawa. Bayan sati biyu, idan kun haɗu a bakin masallaci ko wurin mai shayi a Kwangila, ka ce, "Ina waƙar nan ta mai ɗinkin hula, ka ƙarasa baiti na bakwai?"